Kuɗin Ruwan Famfo: Ciniki Ne ko Haraji?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata tambaya da aka yi mini a masallacin unguwarmu, bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Wani dattijo, tela ne, ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Sanarwa ce daga hukumar ruwa ta garinmu, tana shaida masa cewa daga farkon shekara kuɗin ruwan gidansa ya ƙaru, ga kuma bashin watannin baya an jera masa a ƙasa. Ya ce, "Malam, rabon famfon gidana da ɗigowa tun kafin azumi. Kullum sai na sayi kura guda a wurin 'yan garuwa. Shin idan na ƙi biyan wannan kuɗi ina da zunubi?" Kafin in buɗe baki wani matashi daga cikin ɗalibai ya riga ni, ya ce ai sayar da ruwa haramun ne da nassin hadisi, saboda haka kuɗin ruwa dukkansa harajin zalunci ne, kuma wanda ya sami hanyar jan ruwa a ɓoye haƙƙinsa ya ƙwata. Wani bawan Allah kuma ya ce a'a, ɗa'a ga shugabanni wajibi ce, duk abin da suka yanka sai a biya a yi shiru.

Na roƙi a ba ni mako guda, domin na lura cewa waɗannan maganganu biyu su ne suka raba kan 'yan'uwa a wurare da yawa, kuma kowace daga cikinsu ta riƙe wani yanki na gaskiya ta yar da saura.

Bari mu fara da maganar matashin. Hadisan da yake nufi sun tabbata. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya Musulmi abokan tarayya a cikin ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hani game da sayar da rarar ruwa. A cikin Buhari da Muslim kuma akwai narko mai tsanani a kan mutumin da yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi. Babu mai musun waɗannan. Amma fa ɗaukar hadisi guda a yanke hukunci da shi ba tare da an duba yadda magabata suka fahimce shi ba, wannan ba tafarkinmu ba ne, kuma shi ne abin da muke yi wa wasu gyara a kansa dare da rana.

Malaman fiƙihu sun rarrabe ruwa gwargwadon mazauninsa. Imam Mawardi a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya ya yi maganar ruwan koguna daban, na rijiyoyi daban, na idanun ruwa daban. Babban kogi irin Kwara ko Binuwai ba mallakar kowa ba ne, kuma babu mai ikon hana wani sha ko shayar da dabbarsa a cikinsa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid, kuma kusan dukkanmu da ita muka buɗe ido, ya san an bambanta rijiyar dabbobi da aka haƙa a daji, wadda ba a hana mutane rararta bayan masu ita sun shayar, da rijiyar da mutum ya haƙa a cikin filinsa, wadda yake da iko da ita. Sai kuma ruwan da mutum ya ɗebo da ƙarfinsa ya zuba a tulu ko salka. Wannan ya zama dukiyarsa, kuma malamai sun halatta masa sayar da shi, kamar yadda mai yin itace yake sayar da abin da ya saro a dajin da ba na kowa ba. In ba haka ba, da sai mu ce duk 'yan garuwan ƙasar nan haramun suke ci, alhali da yawansu sun fi mu cin guminsu.

Ƙissar rijiyar Ruma ta isa hujja. Lokacin da Muhajirai suka iso Madina sun tarar da rijiya mai ruwan daɗi, mai ita yana sayarwa. Manzon Allah (SAW) bai ƙwace ta ba, bai kuma umarci mutane su je su ɗiba da ƙarfi ba. Sai ya kwaɗaitar da a saye ta a mayar da ita ta jama'a, Usman ɗan Affan (RA) ya saya da dukiyarsa ya yi waƙafi da ita, gugansa ya zama ɗaya da na kowane Musulmi. An mutunta haƙƙin mai rijiya, an kuma shayar da talaka kyauta, amma sai da wani ya biya.

To, ruwan famfo a wane kashi yake? Mu ɗauki Kano misali, tun da ita ce birni mafi girma a Arewa. An fara kai wa birnin ruwan famfo daga Kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa a 1992. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. Ruwan da ke kwance a Tiga kyauta ne daga Allah. Amma kafin ya iso alwalar mutumin Kurna ko Ɗorayi, sai manyan injuna sun zuƙo shi daga kogi, an sa masa alif ya kwanta, an tace shi, an zuba masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu injunan su tura shi cikin bututu tafiyar kilomitoci masu yawa. Injunan nan wutar lantarki suke sha, idan babu wuta sai man dizal. Magunguna da kayan gyara da yawa daga waje ake sayo su da dala. Ga albashin ma'aikata. Wannan duka aiki ne da dukiya, kuma karɓar lada a kansa halal ne.

Haka nan mai adalci ba zai ce dole kuɗin ruwa ya tsaya inda yake shekara goma da suka wuce ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi warwas. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki ga 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Duk abin da ya taɓa mai shago ya taɓa matatar ruwa. Don haka fatawar matashinmu ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma wanda ya fasa bututu da dare ya ja ruwa gidansa, dukiyar jama'a ya ci, maƙwabcinsa na ƙarshen layi kuma shi ya hana wa ruwa.

Amma maganar bawan Allah na biyu ta fi ba ni tsoro, domin ita ce wadda mahukunta suke son ji daga bakin malamai. Gaskiya ne ana yi wa shugaba ɗa'a cikin abin da yake ma'arufi. Sai dai ɗa'a ba ta mayar da dukiyar Musulmi ganima ba. A Hajjin Bankwana Manzon Allah (SAW) ya haɗa alfarmar dukiya da ta jini a wuri guda. Kuma mu jikokin masu jihadi bai kamata a tuna mana wannan ba. Cikin abubuwan da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa a Kitabul Farƙi a matsayin alamomin mulkin zalunci har da ɗora wa talakawa kuɗaɗen da Shari'a ba ta ɗora musu ba, kuma ya kira su da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. A ƙasar Masar, a ƙarni na bakwai na Hijira, lokacin da Tattar suka rusa Bagadaza suka doso Sham, Sarki Ƙuɗuz ya so ya karɓi kuɗi daga jama'a domin shirin yaƙi. Malam Izzuddin ɗan Abdussalam ya shaida masa cewa hakan ba ya halatta sai baitulmali ya ƙare, sai kuma manyan fada sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya sun daidaita da sauran mutane. Yaƙin kare Musulunci ke nan fa, ba sayen motocin alfarma ba.

Tambayar da ya kamata a yi wa kowace hukumar ruwa ita ce: wannan kuɗi da kuke karɓa, ciniki ne ko haraji? Idan ciniki ne, to ciniki yana da sharuɗɗa da kowane ɗalibin Iziyya da Askari ya sani: a san farashi, a san gwargwadon abin da aka saya, mai sayarwa kuma ya kasance yana iya miƙa kayan. Idan ijara ce, wato lada a kan hidima, to lada ba ya wajaba sai amfanin ya samu. Idan kuwa haraji ne, to malaman da suka halatta wa shugaba sanya haraji bayan zakka, irin su Gazali da Shaɗibi a cikin Al-I'itisam, sun gindaya sharaɗin a ce shugaban adali ne, baitulmali babu kome, buƙatar ta gaske ce, a kan mawadata za a ɗora, kuma gwargwadon buƙatar kaɗai. Abin da muke gani a garuruwanmu ya kuɓuce wa kashi biyun duka. Wajen suna ciniki ne, shi ya sa ake yanke wa wanda bai biya ba. Wajen karɓa kuma haraji ne, shi ya sa ake kawo takarda ko ruwa ya zo ko bai zo ba. An ɗauki daɗin kowane an bar nauyinsa.

Dubi batun ma'auni kaɗai. Gidaje da yawa ba su da mita. Ana yanka musu kuɗi ne ta hanyar duban girman gida, ko unguwar da yake, ko kintacen ma'aikaci. Gidan da mutum uku ke ciki da gidan da mutum talatin ke ciki suna iya biyan abu guda. Wanda ruwa ke zo masa kullum da wanda yake ganinsa sau biyu a wata suna iya biyan abu guda. Na san akwai malaman da suka yi sassauci ga jahilci ɗan kaɗan a cikin ciniki idan al'ada ta gudana a kai, kamar kuɗin shiga gidan wanka inda ba a auna ruwan da mutum zai zuba. Amma a gidan wanka akwai ruwan! Jahilcin da ya kai ga ba ka san ko za ka sami kayan ba gaba ɗaya, wannan shi ne gararin da hadisin Muslim ya hana. Sura sukutum aka saukar a kan masu tauye mudu, waɗanda ke cika ma'auni idan za su karɓa, su rage idan za su bayar. Ban ga abin da ya keɓe hukuma daga wannan narko ba don kawai tana da hatimi da lambar gwamnati. Kuma a nan zan ɗan ratse: hukumomin Hisba da aka kafa a jihohinmu bayan dawo da Shari'a daga shekarar 2000 suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Sai dai duk wanda ya karanta littattafan hisba na magabata ya san cewa babban aikin muhtasibi a kasuwa yake, wajen mudu da sikeli da algus. Mitar ruwa da ta wuta su ne mudun wannan zamani.

Yanzu sai mu zo kan ainihin mas'alar, wato wane ne zai yanka farashin, kuma ta yaya. Asali a Musulunci shi ne a bar kasuwa ta yi halinta. Anas (RA) ya ba da labarin cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, ya ƙi, yana gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Amma kasuwar Madina kasuwa ce mai 'yan kasuwa da yawa, wanda ya tsawwala sai a wuce shi a je gaba. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, a cikin littafinsa na Hisba, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, sun bayyana cewa idan aka keɓe wasu mutane aka ce su kaɗai ne za su sayar da wani abu da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi, to a nan ƙayyade musu farashi na adalci wajibi ne, domin idan an hana kowa sayarwa sai su, sannan aka bar su su yanka abin da suka ga dama, an zalunci mutane ta fuska biyu. Hukumar ruwa ita ce wannan sura tsantsa. Babu bututu na biyu a layinku da za ka koma masa. Matsalarmu ta ma fi haka, domin mai sayarwa da mai ƙayyade farashi da mai sauraron ƙara duk gwamnati guda ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne, malamin da ya tsara yadda za a yi wannan aiki ɗan mazhabarmu ne, wato Abdulmalik ɗan Habib, malamin Andalus wanda ya rasu a shekara ta 238 bayan Hijira. Imam Baji ya kawo maganarsa a cikin Al-Muntaƙa, sharhin Muwaɗɗa, Ibnu Taimiyya ma ya ɗauko ta. Taƙaitaccen abin da ya tsara shi ne, shugaba ya tara manyan masu wannan sana'a, ya kuma kawo waɗansu mutane daga wajensu domin a tabbatar da gaskiyar abin da za su faɗa, ya tambaye su nawa suke saye, nawa suke sayarwa, sannan a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan abin da zai amfane su ya kuma amfani jama'a, bisa yarda. Ya ɗan'uwa mai karatu, ka sake duba wannan tsari. Akwai buɗe littafin lissafi, akwai shaidu daga waje, akwai tattaunawa, akwai yarda. Fiye da shekara dubu da ɗari ke nan. Ka kwatanta shi da abin da muka saba: a zauna a ofis a rubuta, a kai wa gwamna ya sa hannu, talaka ya ji a rediyo.

Da za a bi tsarin Ibnu Habib, da kafin kowace sabuwar shekara hukumar ruwa za ta fito fili ta faɗi lita nawa ta tace a bara, nawa ya isa gidajen mutane, nawa ya zube a titi saboda ruɓaɓɓun bututu, nawa ta kashe a wuta da mai da magani da albashi, nawa ta tara, kuma su wane ne manyan masu riƙe mata bashi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ba a son a yi, domin sau da yawa idan aka bi sawu sai a tarar ma'aikatun gwamnati da gidajen manya ne a sahun gaba, su kuwa babu ma'aikacin da ya isa ya je ƙofarsu da sifana. Shaidun waje kuma muna da su: injiniyoyi da masana lissafin kuɗi a jami'o'inmu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, masu unguwanni, malamai, da 'yan majalisar da ke zartar da kasafin kuɗi. Ba daidai ba ne a ɗora wa tela asarar ruwan da ya malale a kwata saboda sakacin wani, ko bashin da wani babba ya ƙi biya. A fitar da waɗannan daga lissafi tukuna, abin da ya rage shi ne farashin gaskiya. Kuma duba farashin kowace shekara, ana ɗan ƙarawa ko ragewa bisa hujja, ya fi a yi shiru shekara goma sannan a ninka shi dare ɗaya. Mutanen Kochabamba ta ƙasar Bolibiya sun nuna wa duniya ƙarshen irin wannan a shekarar 2000, lokacin da aka ba wani kamfanin waje ruwan birninsu ya tsuga kuɗi, gari ya rikice, har aka rasa rai, a watan Afrilu aka soke yarjejeniyar.

Sai dai maganar Baji tana da kaifi biyu, kuma wajibi ne in faɗi ɗayan ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ya yi gargaɗin cewa idan aka tilasta wa masu sayarwa farashin da babu abin da zai riƙe su a cikinsa, ƙarshensa kayan ne za su ɓace. Wannan shi ne ya same mu. 'Yan siyasa suna tsoron taɓa kuɗin ruwa saboda ƙuri'a, ba sa kuma cike giɓin daga baitulmali yadda ya kamata. Sai hukuma ta rasa kuɗin mai da magani, inji ya lalace a rasa na gyara, ruwa ya ɗauke, mutane su ƙi biya saboda babu ruwa, ruwa ya ƙara ɗaukewa saboda ba a biya ba. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ya huta. Talaka kuwa fa?

Mu yi lissafi. A unguwarmu jarka mai lita 25 naira 100 ce idan an yi sa'a, da bazara ta fi haka. Masana lafiya na duniya suna cewa mutum guda yana buƙatar aƙalla lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Magidanci mai mutum goma a gida yana buƙatar lita 500 ke nan, jarka 20, wato naira 2,000 a rana, naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Babu mai ƙaramin ƙarfin da zai iya wannan, saboda haka sai a rage wanka, a rage wanki, a sha abin da aka samu. Abin da ke biyo baya mun gan shi a 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara ne suka fi jin jiki. Arhar da ke rubuce a takarda, famfo kuwa a bushe, ita ce ruwa mafi tsada da talaka ya taɓa saya. Ni kam na gwammace a ninka mini kuɗin famfo ruwan ya zo, a auna mini shi da mita, da a bar mini shi da arha ina bin kura a titi.

Wannan ba ya nufin a ɗora wa mai famfo komai da komai, kamar yadda masu ba da bashi na ƙasashen waje suke ta raira mana tun zamanin shirin SAP na 1986, wai kowace hukuma ta ci da kanta. Alƙali Abu Yusuf, a cikin Kitabul Haraj da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya bambanta manyan ayyukan ruwa da amfaninsu ya game jama'a, waɗanda baitulmali ke ɗaukar nauyinsu, da ƙananan magudanan da ke shiga gonakin mutane, waɗanda masu su ke ɗauka. A bisa wannan ƙiyasi, madatsa da matata da manyan bututu nauyin baitulmali ne, daga kuɗin man fetur da harajin da aka riga aka karɓa. Abin da za a nema a wurin magidanci shi ne kuɗin tafiyar da aikin yau da kullum. Idan kuma dole sai an nemo kuɗin gini, me ya sa kullum sai bashi mai riba, wanda a ƙarshe kuɗin ruwansa zai ɓuya a cikin kuɗin ruwanmu? Jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013 ta gina makarantu. Gwamnatin Tarayya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 domin hanyoyi. Abin kunya ne a ce jihohin da suka yi shelar Shari'a su ne ba su ga wannan ƙofa ba wajen shayar da mutanensu.

Haka kuma farashi guda ga kowa ba adalci ba ne. Malamai sun tabbatar da abin da suke kira haƙƙin sha, wato ɗan Adam da dabbarsa ba a hana su abin da zai kashe musu ƙishirwa. Don haka litocin farko da gida ke buƙata domin rayuwa ya kamata su zo da rahusa ƙwarai, ko kyauta a famfunan unguwa, sannan farashi ya riƙa hawa ga mai ban-ruwan furanni da mai gidan wankin mota da otal da masana'antar lemo da mai ƙulla ruwan leda. Afirka ta Kudu ta ɗauki manufa a 2001 ta ba gida lita 6,000 kyauta a kowane wata. Su ba su karanta Mawardi ba.

Mu ma kuma, 'yan'uwa, akwai namu laifin. Masallatai nawa ne da makarantun Islamiyya aka ja musu ruwa ta bayan gida, ana cewa ai aikin Allah ne? Allah Mai tsarki ne, kuma ba a neman kusanci gare Shi da abin sata. Idan muna ganin masallaci ya cancanci rangwame, sai mu je mu nema a rubuce, a yi shi a sarari. Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i guda ko ɗan fiye, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Mudun nan bai kai lita guda ba. Je ka wurin alwalar masallatanmu ranar da ruwa ya zo ka ga yadda ake sakin famfo ana hira, ka ga kan famfon da ya shekara yana zuba an ɗaure shi da roba. Masu hali daga cikinmu kuma, maimakon masallaci na uku a layi guda, ina masu koyi da Usman (RA), su ɗauki nauyin famfon unguwa na shekara, ko su saya wa gidajen marayu mita? Har yau ana ambaton Zubaida matar Haruna Rashid saboda ruwan da ta jawo wa alhazai a Makka.

Da mako ya zagayo, ga amsar da na ba dattijon nan. Na ce masa watannin da ruwa bai zo ba, Shari'a ba ta ɗora masa kuɗinsu ba, domin ba a biyan kuɗin kayan da ba a karɓa ba, kuma ba shi da zunubi idan ya ƙi. Watannin da ruwa ya zo kuwa, ko da sabon farashin bai yi masa daɗi ba, ya biya, sannan ya yi jayayyarsa ta hanyar da ta dace. Na ce kada ya yi shiru ya jefa takardar a ƙarƙashin katifa, bashi yana taruwa da sunansa har ya zama gado ga 'ya'yansa. Ya je ofis da shaidu biyu daga maƙwabta, ya nemi a soke na watannin fari a rubuce, ya nemi a sa masa mita, idan kuma babu ranar zuwan ruwan to a cire shi daga rajista har sai ya dawo. Kada ya ba kowa na goro domin a share masa bashi, wannan rashawa ce.

Da muka bincika sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne, kusan duk layin ne. Kwamitin masallaci ya ɗauki littafi, an ba wani ɗalibi aikin rubuta kowace ranar da ruwa ya zo da awa nawa ya yi, mai unguwa yana sa hannu a ƙarshen wata. Matashin nan mai fatawa shi ne ya karɓi aikin. Mun kuma rubuta wa hukumar da ɗan majalisarmu takarda muna neman a kira taron jama'a, a karanta mana lissafin bara kafin a yanka kuɗin baɗi. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a ba mu amsa ba, littafin kuwa ya shiga wata na biyu, kwana huɗu ne a cikinsa.

Wallahu a'alamu.